Babur ɗin da Yake Mutuwa a Kwalbatin Tirwun

Jama'a assalamu alaikum. Abin da zan faɗa muku ba a majalisa na ji shi ba, ni ya faru da ni, da rana tsaka, idona biyu, kuma wallahi tallahi har yau in na tuna shi ɓacin rai ne yake fara zuwa mini kafin ma tsoro.

Shekarun baya ina da ɗan garejina na gyaran babura a Gwallaga, rumfa ce ta kwano a bakin titi, ni da maƙwabcina Habu mai faci muke raba inuwarta. Yawancin abin da ake kawo mini ƙananan babura ne na 'yan acaɓa masu kafireta, waɗanda ko ido rufe zan kwance su in mayar. To amma na ɗan taɓa aikin manyan babura masu injekta, wato waɗanda famfon lantarki ne yake turo mai, wata 'yar ƙwaƙwalwa kuma tana auna yadda za a fesa shi cikin inji, shi ya sa in irinsu ya gagara sai a ce a kai wurina.

Wata rana da damina sai ga Yaya Isuhu, ɗan kawuna ne, ya girme ni sosai kuma dillancin babura yake yi, ya turo wani ƙaton tsohon babur baƙi, irin na kwance ɗin nan da ake shigowa da su daga waje, fentinsa duk ya koɗe. Ya ce, “Ƙanena, ga wannan ka duba mini, in ya yi zafi sai ya mutu. Na san ba zai gagare ka ba.” Na ce wa ya taɓa shi kafin ni? Ya ce babu kowa. Ku riƙe wannan, ya dubi idona ya ce babu kowa.

Ina buɗe shi na san ƙarya ce, don wayoyin duk an feɗe su an naɗe da salatif, kusoshin ma kawunansu sun cinye saboda yawan sifana. Na yi tsaki na ce halin dillalai ne, na kama aiki. Na murɗa makulli, famfon mai ya yi 'yar ƙarar nan tasa ta zuuu ya tsaya, alamar yana turo mai. Na tayar, ya tashi lafiya lau, na bar shi yana aiki har salansa ta yi zafin da ba a taɓawa, ko tari bai yi ba. Duk da haka na sauke tanki, na tarar da tsatsa da ruwa a gindinsa, kun san man 'yan bumburutu, na wanke shi tas, na canza matatar mai, na cire injekta na wanke bakinta har ta dawo tana fesa mai kamar hayaƙi, na sa sabon fulogi. Na ce to shi ke nan, bari in fita da shi hanyar Tirwun inda babu cunkoso in buɗe masa wuta.

Kai, babur ɗin nan yana da lafiya! Tafiya yake kamar ba ya taɓa ƙasa. Sai da na bar gidaje na shiga gonaki, daidai wani ɗan kwalbati da ƙaramar hanyar ƙafa ta ratsa ta gefensa, sai ya ɗauke ɗif. Bai yi tari ba, bai yi shaƙuwa irin ta ƙarancin mai ba, kamar dai wani ya kashe makulli. Na gangara gefe, na duba fiyus, na jijjiga wayoyi, babu komai. Ina sake danna sitata ya tashi, na juyo gida.

Washegari na canza famfon gaba ɗaya. Na koma, daidai kwalbatin nan ya mutu. Na zargi sensa, wato na'urar da take kai wa ƙwaƙwalwar bayani, na aro wata a wurin wani abokin sana'a na sa, ya mutu a nan. Na bi wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya na sake ɗaura su da hannuna, ya mutu a nan. Na ce to ko zafi ne yake kaiwa wani mataki daidai wannan nisan, sai na zaga da shi gari, na je Yelwa na dawo, na sake komawa, bai ko girgiza ba, ina isa kwalbatin ya mutu. Jama'a raina ya ɓaci. Na bar aikin 'yan acaɓa ya taru suna ta zagina a bayan ido, matata ta gaishe ni in amsa mata da faɗa, duk a kan babur ɗin da ba nawa ba. In na kira Yaya Isuhu sai ya ce, “Ka dai ƙara dubawa, ai kai ne gwani,” ya kashe waya.

Sai na ce da Habu mai faci ya hau bayana ya kasa kunne wajen tanki, ya ji ko famfon ne yake ɗaukewa kafin injin. Habu mutum ne mai jiki, ya saba hawa babur tun yana yaro. Ko unguwar ba mu bari ba, tafiya a hankali, titi sumul babu rami, sai ji na yi babur ya yi sakayau, na waiga na gan shi a ƙasa yana riƙe da hannu yana salati. Wuyan hannunsa ya karye. A hanyar mai ɗori yana ta cewa, “Wallahi ture ni aka yi. Hannu na ji a ƙirjina, hannu mai sanyi.” Na ce Habu ka yi shiru, zafin ciwo ne. Mutumin da da hannun nan yake ciyar da iyalinsa, ya zauna babu aiki har damina ta kusa fita.

Wannan ya ƙara tunzura ni. Na rantse sai na ga ƙarshen babur ɗin. Bayan azahar na kwashi kayan aikina a jaka na nufi Tirwun, na ce yau a gindin kwalbatin zan kwance shi, in ya so ya faɗa mini abin da yake damunsa. Ya mutu inda ya saba. Na kafe shi, na cire kujera, na zare kan batir duka biyu don in gwada wayoyi, na ajiye batir ɗin can a kan ciyawa. Ina durƙushe sai na ji zuuu. Famfon mai. Billahillazi batir yana gefena a ƙasa, makulli yana aljihuna, famfo yana ta aiki, har na ɗora tafin hannuna a kan tanki na ji tankin yana rawa. Duk wanda ya san babur ya san wannan ba ya yiwuwa. Maimakon in gudu, haushi ne ya kama ni, na ɗaga sifana na maka wa tankin, na ce, “Uban me kake so da ni?” Sai famfon ya ɗauke.

A gonar masarar da take gefen hanya akwai wani dattijo yana noma, na sha ganinsa muna ɗaga wa juna hannu. Ya dafa fartanyarsa ya ce, “Ɗana, bar dukan ƙarfe, ba shi da laifi. Kai ma sun kawo maka shi ke nan?”

Na ce, “Baba, ka san babur ɗin ne?”

Ya ce ya san shi mana, tun bara yake ganin mutane daban-daban suna zuwa da shi, kowa da jakar sifanu irin tawa, kowa ya tsaya nan yana ta kwance-kwance. “Ni abin da yake ba ni mamaki,” in ji shi, “ku ɗauko bawan Allah, ya ce a nan zai sauka, babur ya tsaya ya sauka, ku kuma ku hau faɗa da inji. Ko sallama ba kwa yi da shi.”

Na ce wane bawan Allah? Ni kaɗai nake zuwa.

Dattijon nan ya dube ni kamar ni ne mai taɓin hankali. Ya ce dogon mutumin nan mai farin gemu da shuɗiyar riga, wanda kullum yake zaune a bayana, in ya sauka sai ya bi 'yar hanyar ƙafar nan ya shige cikin masara. Na juya na kalli hanyar, babu kowa, ganye ko motsi ba ya yi. Sai ya ce, “A'a, ai yau bai tafi ba. Tun da ka daki tankin nan yake tsaye a bayanka.” Ya saɓa fartanyarsa ya bi ta cikin gona da sauri, bai ko waiwayo ba.

Innalillahi. Ban juya ba, wuyana ya ƙi. Na ciro waya na kira Yaya Isuhu, kuma a rayuwata ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce, “Yaya, ka ji tsoron Allah, me ka kawo mini?” Sai ya ce, “Wa ya ce ka kai shi Tirwun?” Kun ji fa! Wa ya ce in kai shi Tirwun! Na ce ashe ka sani? Ya fara kame-kame, wai wanda ya sayar masa cewa kawai ya yi kada a goya kowa a baya don wurin da mai shi, kuma kada a bi da shi hanyar nan, shi kuma ya ɗauka surutu ne, so yake in gano wata matsala ta inji don ya samu abin da zai faɗa wa mai saye. Na ce, “Ka san kada a goya kowa, ka bar ni na goya Habu? Ka zo har rumfa ka gan shi da ɗori ka ce masa Allah Ya sawwaƙe, bakinka bai yi nauyi ba? Da matata na goya fa? Da Inna ce fa, ƙanwar ubanka?” Ya ce in yi haƙuri in daidaita murya, shi yayana ne. Na ce ka zo ka ɗauki kayanka a kwalbati, in ka ga dama ka bar shi ya ruɓe a nan.

Na bar babur, na bar batir, na bar har jakar kayan aikina, na kama tafiya ina karanta duk abin da ya zo bakina. Da na iso inda gidaje suka fara na tsayar da wani keke mai ƙafa uku na haya, babu fasinja a ciki, na shiga baya na zauna, na ce Gwallaga. Mun ɗan yi tafiya, zuciyata ta fara kwanciya, sai mai keken ya kalli madubi ya ce, “Malam, ka ɗan matsa wa baban naka mana, ka matse shi a lungu.”

Ban san lokacin da na diro ba, keke yana tafiya, na ƙuje gwiwa da gwiwar hannu. Mai keke ya tsaya yana ta masifa yana cewa wane irin rashin hankali ne wannan, sannan ya leƙa baya, ya sake leƙawa, sai na ga fuskarsa ta canza, ya ja kekensa da gudu. Da ƙafa na ƙarasa gida, na kwanta zazzaɓi, aka yi ta yi mini addu'a da tofi har Allah Ya ba ni lafiya.

Yaya Isuhu ya je ya ɗauke babur ɗinsa, ya wanke shi ya yi masa fenti, kafin in miƙe daga jinya ya sayar wa wani. Na tambaye shi wa ya saya don in je in faɗa masa gaskiya, ya ce ya manta. Har gaban Kawu na kai ƙara, aka ce in bar maganar don zumunci. Yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma don idon iyaye. Wanene mutumin, me ya haɗa shi da babur, me yake zuwa yi cikin masarar nan, wallahi ban sani ba, ban kuma sake bin hanyar don in tambaya ba.

Shawarata gare ku, musamman 'yan uwana makanikai da masu sayen babur na hannu: ku tambayi tarihin abu kafin ku hau, ko da wanda ya kawo shi jininku ne, ku matsa masa ya faɗa. In kun gyara komai abu ya ƙi, kada zuciya ta ɗebe ku ku yi ta zagi da duka, ba ku san wa yake ji ba. Kuma kada ku hau abin hawa ba ku yi addu'a ba. Babur ɗin nan yana nan wani wuri a cikin garin nan, wani yana hawansa, watakila ma yana goya iyalinsa. Allah Ya tsare mu da abin da muke gani da wanda ba ma gani.