Masuncin da Ya Ji Tsoron Ruwa

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan manta da ranar da yayana ya ga ruwa a kwano ya kurma ihu ba.

Masunci ne, a ƙauyenmu na bakin tafki a ƙasar Ngaski. A cikin kwalekwale ya girma, ni kuma nake bandar kifin da ya kamo. Wata rana da hantsi ya dawo da zazzaɓi, yana ta susar dunduniya, wai wurin na yi masa zugi. Muka duba, ba komai sai ɗan tabo. Wata biyu kafin nan wani kwikwiyo ya cije shi a bakin ruwa, wurin ya warke, kowa ya manta.

Bayan kwana biyu Inna ta kawo masa ruwa. Leɓɓansa sun bushe, da kansa ya miƙo hannu. Kwanon na isa bakinsa sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya yi wurgi da shi, jikinsa na kyarma.

"Inna, ƙishirwa nika ji," in ji shi, "amma ɗauke shi. Don Allah ɗauke shi."

Ko iskar mafici ta taɓa shi sai ya zabura. Abin da ya fi firgita ni, hankalinsa na nan daram, ya san kowa. Maƙwabta suka ce mutanen ruwa ne suka kama shi. A lokacin ni ma na yarda.

Da muka kai shi asibiti a Yelwa, wata ma'aikaciyar jinya ta ja ni gefe. Ta ce ƙwayar cuta ce daga yawun karen. Ta wurin cizon ta shiga, tana bin jijiya a hankali, shiru, har ta kai ƙwaƙwalwa. In ta kai can, babu magani. Sai ta tambaye ni, "Wa kuma karen ya ciza?"

Nan na tuna. 'Yata ce ta ɗauki kwikwiyon a ranar da ya ciji yayana, ya kama mata yatsa.

Nan da nan aka ɗauko ta daga gida aka fara mata allura. Yayana ya rasu bayan kwana uku, Allah Ya jiƙansa. Na yi watanni in na miƙa wa yarinyar ruwa sai na tsaya ina kallon maƙogwaronta har ta haɗiye. Ta tsira. Yanzu ita ma tana da nata 'ya'yan.

Daga nan na gane cewa fata na iya warkewa alhali cuta na tafiya a cikin jiki. Duk wanda kare ya ciza, komai ƙanƙantar wurin, a wanke da sabulu a kai shi asibiti a ranar, tun yana cewa lafiyarsa ƙalau.