Zunnuraini Mai Kaset, Wanda Ya San Inda Ake Tsayawa

Da an idar da sallar asuba, Zunnuraini yakan buɗe rumfarsa a bakin tashar Jibiya, ya goge kan rikodarsa mai baki biyu da auduga, ya zauna. Shekara goma sha tara ke nan. Aikinsa ɗaya ne: a kawo masa karatun da ya kai awa uku, ya raba shi gunduwa-gunduwa a kan kaset, yadda direba zai ji ba tare da ya gaji ba.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, kowa ya zama mai son tafsiri, har waɗanda na san inda suka ɓoye kaset ɗin garaya. Masu kwafi suka yi yawa. Su inda zaren kaset ya ƙare nan magana ta ƙare, ko da malam na tsakiyar aya. Zunnuraini sai ya saurari karatun duka tukuna. Direbobin Maraɗi sun shaida ba ya barin gefen kaset ya ƙare a kan ayar azaba. Ya taɓa ce mini, “Mutum na tuƙi da lodin gero, in bar shi cikin wuta har garin Ɗan Isa?”

Bara kunnensa ya fara mutuwa. A wannan halin wata tsohuwa daga Gangara, Hajjo, ta zo da kaset ƙulle a bakin zane. Ɗanta na fari, Kalilu, ɗan dako ne da ya tafi Agadas. Ya aiko da saƙon murya na minti casa'in, mota ta kife da su kafin ya dawo, ya rasu. Wata biyar tana da kaset ɗin, ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. Da ta ji muryar sai kuka, sai ta mayar farko. Zaren ya fara taunewa, kuma babu wani kwafi.

“Malam, ina son in ji mi yaron ga ya hwaɗi kahin abin ya lalace,” in ji ta. Ko a nan ba ta iya kiran sunan ɗan fari ba.

“Inna, a ba ni kwana bakwai.”

Na gan shi a kwanakin nan, kunnen hagu manne da lasifika, yana juya zaren da biro don kada rikoda ta cinye shi. Yakan maimaita wuri ɗaya sau goma don ya gano inda Kalilu ya ja numfashi, a nan yake yankawa. Ya fitar da kaset tara, kowanne minti goma, ya ɗaura wa kowanne zare mai launi dabam saboda Hajjo ba ta karatu. Bai cire komai ba, har tarin yaron. Ya ce ta ji ɗaya a rana, kada ta haɗa biyu.

A na takwas Kalilu ya nemi gafararta, domin ya tafi ba da izninta ba. Ta dawo ta tsaya a bakin rumfa ta ce ta yafe masa. Sai da ta faɗa sau uku Zunnuraini ya ji.

Kai ne, Zunnuraini, ka kai uwa ƙarshen maganar ɗanta da ɗan abin da ya rage maka na ji. Ranar Juma'ar da ta wuce ka rufe rumfa. Ba a yi taro ba, ba a ba ka lambar yabo ba. Waɗannan na masu dogon jawabi ne. Mun gode, Allah Ya saka da alheri.

Sauran masu sana'a, ku koyi sauraron abu duka kafin ku sa masa hannu. Wanda kuma zai je gaishe shi, ya zauna ta hagunsa, ya matso kusa, ya yi magana a hankali. Yana ɗan ji har yanzu, amma likita ya ce jin ba zai kai damina ba.