Ranar da Akwatin Kiɗa Ya Tsallake Iyakar Jibiya

"Ɗan boko, zo ka faɗa mana gaskiya. Wannan na kiɗa ne ko na leƙen asiri?"

Jami'in iyaka ne ya kira ni a Jibiya, shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa. Watana biyu da gama karatun lantarki. A gabansa akwai akwatin wani makaɗi daga Maraɗi. In akwatin bai yi kiɗa ba za a riƙe shi, ga biki na jira a Katsina da la'asar.

Na jona shi da janareta. Maɓallan murɗawa ashirin da huɗu ne, sau biyu na ƙirga. Na bi rubutun kowanne, ƙugi kawai yake yi.

Makaɗin ya matso. Ashe ya liƙa wa huɗu alama: fata, wuri, zare da ƙwallon dabino. Ya lalubo su ko dubawa bai yi ba, sai ga muryar algaita.

Na ce, "Baba, ba ka karanta sunayensu?"

Ya ce, "In na tsaya karatu, wa za shi dubi ƙafar masu rawa?"

Jami'in ya ɗage shinge yana dariya.

Ku fa, wane kayan aiki kuka taɓa gyarawa har ya san hannunku?