Kwano a Bakin Ƙofata

Jiya ƙamshin man shanu a miyar kuka ya tuna min da Baffa, yayan mahaifinmu. Ba ya sa hannu a kwano sai duk mazan gida sun zauna.

Da na dawo unguwarmu Jekadafari daga aikin gini a ƙasar Katar, na kasa cin abinci cikin mutane. A can a tsaye muke ci, kowa da robarsa. Sai na riƙa kulle kaina a ɗaki. Aka ɗauka girman kai ne, har yayana ya daina amsa gaisuwata.

Rannan bayan magariba na ji motsi, na leƙo. Baffa ne zaune a bakin ƙofata, kwano a rufe, 'yan'uwana sun kewaye shi, fuska a murtuke.

Yayana ya ce, "Baffa, tuwo ya huce. Balaraben naka ba zai fito ba."

Baffa ya ce, "To, yau da yunwa za mu kwana."

Na buɗe ƙofa na fito. Bai ko dube ni ba, ya gusa min, ya buɗe kwanon.

Allah ya jiƙansa. Yadda ya jira ni, Allah ya sa ya tarar ana jiransa a Aljanna.