Sadisu Kuza da Gidan Awo

A layin 'yan goro na Agege ba wanda bai san Sadisu Kuza ba, kuma ba wanda ya tsira daga labarin Gidan Awo. Mutum zai tsaya sayen goro ɗaya, kafin a miƙa masa ya san cewa a Bukuru akwai wani gini na baƙin dutse mai doguwar baranda, inda Turawa suke auna kuzar da leburori suka haƙo. A ƙarƙashin barandar nan uwarsa ta yi ta suyar ƙosai har ta tsufa, shi kuma yana tallan abin da ya rage.

Da harkar kuza ta mutu, Sadisu ya hau jirgin ƙasa ya sauka Ikko da niyyar yin damina ɗaya. Ya koyi zaɓen goro da jera shi a ganye, ya auri Iyatu, haifaffiyar Agege wadda kakanta soja ne, suka haifi Muhsina har suka aurar da ita. Duk da haka in ka tambaye shi, baƙo ne, yana kan hanya. Maganarsa ɗaya ce kullum: zai koma ya kafa teburinsa a barandar Gidan Awo, kuma a jar ƙasar Bukuru za a binne shi, ba a wannan ƙasa ta Ikko da ake haƙa kabari ruwa yana ɓulɓulowa ba. Da gaske yake yi, domin iyayensa sun rasu, danginsa sun watse, ginin nan kaɗai ya rage masa a can.

Yana da wata al'ada. Duk wanda ya iso daga Arewa ya ce ya bi ta Bukuru, sai Sadisu ya zaunar da shi, ya zaɓo masa farin goro mai kyau, sannan ya tambaye shi abin da ake sayarwa a Gidan Awo yanzu. Da farko direbobin dankali ne ke ba shi amsa, kuma gaskiya suke faɗa: ginin ya zama kantin atamfa, daga baya gidan burodi. To amma labarin goron kyauta ba ya ɓoyuwa a Agege. Nan da nan sai ya zama kowane ɗan ci-rani ta Bukuru ya biyo, har mutanen Sakkwato da na Maraɗi, waɗanda hanyarsu ko kusa ba ta san Filato ba. A bakinsu Gidan Awo ya zama shagon ɗinki, ya zama kemis, ya zama gidan kallon bidiyo. Wani Ba'adare da ya ga an riga shi duk sana'o'in kirki, sai ya mai da shi banki.

Iyatu takan ce masa ginin nan ya fi ɗan kamashon tasha sauya aiki. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce wuri mai albarka haka yake, ba ya zama banza.

Shekarar da ta biyo bayan komawar soja bariki, gwiwoyinsa suka fara ƙara in ya tashi daga tabarma. Ya ce lokaci ya yi, zai je ya nemi mai ginin su daidaita kan baranda, sannan ya dawo ya kwashi Iyatu. Ita ba ta yi musu ba. Ta ɗaure masa kaya, ta ce in bankin ya ba shi manaja ya aiko mata.

Ya bi motar dankali da ke komawa. A Bukuru ya tsai da mai babur ya ce masa okada, yadda ake kiransu a Ikko, mutumin ya dube shi daga hula har takalmi. Sadisu ya ce Gidan Awo, mutumin bai sani ba. Ya ce gidan burodi, ya ce kemis, ya ce banki, mai babur ya gaji ya yi gaba. Sadisu ya taka da ƙafa, ya bi ta gefen layin dogo yadda ya saba tun yana yaro, har ya iso wurin.

Fili ne. An shafe shi da siminti, ga tanki, ga tiyo, ana wanke wata tirela. Mai wurin, wani magidanci mai ƙiba, ya gaya masa an rushe ginin tun tsakiyar mulkin soja, an kwashe duwatsun an yi katanga da su a wata unguwa. Bayan nan an buga bulo a filin, an sayar da itace, yanzu kuma wanki ake yi. Sadisu ya tsaya daidai inda yake zaton murhun uwarsa yake, zuciyarsa ta yi nauyi. Ya tuno fuskokin Sakkwatawan nan suna taunar goronsa suna siffanta masa fentin ƙofa, sai dariya da hawaye suka zo masa tare.

"Baba ɗan Legas, a ɗan matsa, ruwa zai taɓa ka," in ji mai wurin.

Bai ƙara kwana ba bayan na isowa, ya juyo Ikko. Iyatu na tsintar shinkafa a tsakar gida ta gan shi ya shigo da ƙullinsa yadda ta ɗaure shi. Ta ba shi ruwa, ta bari ya huta, sannan ta tambaya a hankali, ba da sigar tsokana ba.

"Baban Muhsina, me ake sayarwa a can?"

"Ruwa da sabulu," ya ce.

Ya daɗe yana murza gwiwarsa. Jirgi ya wuce, kwanon rufin ya yi rawa ya lafa.

"Iyatu, ki gaya wa yayanki Balarabe, ranar Juma'a in an sauko ya kai ni maƙabarta ya nuna min inda aka sa babanku."

"Me za ka yi a can?"

"Ina so in san maƙwabtana tun da wuri."