Kofin Ruwan Auta

Ƙanena mai aski ne, Auta muke ce masa. Tun yana saurayi yake riƙe aska, hannunsa kuwa ko mai barci ya aske ba zai farka ba. Ni tunda ƙafa ta hana ni aiki, a bencin ƙofar shagonsa nake yini.

Bayan rasuwar matarsa ciwon ya same shi. Ya fara jin muryoyi, yana cewa mutanen cikin madubi suna zaginsa. Muka kai shi asibiti, likita ta ɗora shi a kan magani. Muryoyin suka yi shiru. Amma maganin ya zo da nasa: barci mai nauyi, wuya ya sandare, yatsu suna rawa.

Sai ya fito da wata dabara. Kullum da safe zai cika kofi da ruwa fal, ya ɗauko daga ƙofa zuwa gaban madubi. In ya zuba, ranar ba zai taɓa aska ba, sai injin aski. Yawanci zuba yake. Masu gyaran gemu suka fara wuce mu.

"Ka ari hannun yayanka mana, ai zaman banza yake," in ji wani direba. Auta ya yi dariya, amma na ga idonsa.

Wata safiya na duba ƙasa, a bushe. Washegari ma a bushe. Mutane suka dawo, ana ta yi masa barka. Ni kuwa ban yi murna ba, don na san abu ɗaya ne zai tsayar da hannun nan haka.

Ranar da na tarar ya rufe madubi da tawul, na shiga na zauna a kujera.

"Gyara mini fuska."

Ya shafa sabulu, ya ɗora aska a maƙogwarona. Sanyinta har tafin ƙafata. Ina jin yana raɗa, kuma ba da ni yake ba.

"Auta, yaushe ka daina shan maganin?"

Askar ta tsaya.

"Yaya, sun dawo," ya ce. "Wallahi tsoro nake ji. Amma in na sha, da wane hannu zan ci abinci?"

"Ajiye ta. Ɗauko takalminka."

Likita ta yi masa faɗa sosai. Ta ce da ya zo ya gaya mata tun farko, ai ana ragewa ko a canza, ba a yankewa haka kawai. Ta canza masa wani. Rawar ta ragu, ba ta tafi duka ba.

Yanzu kowace safiya idona yana ƙasa. In na ga ɗigo biyu ko uku, sai in gyara zama a benci.