Zazzaɓin da Na Kai Dawakin Tofa

Daga gida

Da assalatu na fita, jikina zafi rau, ban bari Inna ta taɓa ni ba. Ni da Usaini tagwaye ne. Usaini yana aikin lodi can yamma, inda aka yanke layin waya saboda 'yan bindiga. Tun daga nan Inna ta mai da ni wayarta: in na yi tari, to Usaini ne ba lafiya, sai kuka, sai ƙin abinci. Ga shi na ji a rediyo wai akwai ƙwayoyin zarra biyu da ko an raba su, abin da aka gani a ɗaya yana nuna na ɗayar. Tsoro ya kama ni, kada zazzaɓin nan na Usaini ne.

Mu uku a babur har Dawakin Tofa, don mai ya yi tsada. Shingen jami'an tsaro biyu, ba wanda ya tanka mini.

Dawakin Tofa

Da hantsi na sami Malam Sabo, wanda ya koya mana kimiyya, don in tambaye shi maganar ƙwayoyin. Sai da ya ba ni koko da magani kafin ya saurare ni.

"Ƙwayoyin suna dacewa, Hassan, har masana abin yana ba su mamaki," in ji shi. "Amma ba sa kai saƙo. Mai riƙe da ɗaya ba ya zaɓar abin da zai fito, na can kuma ba ya ganin wani canji. Sai wani ya kai labari an gwada. Balle ku mutane ne. Sauro ya cije ka."

Ya ce in nemi direbobin da ke ɗauko wake daga yamma a kasuwar Dawanau, ko za su san labarin Usaini. Har kuɗin mota ya ba ni.

Dawanau

Ina ta tambaya har la'asar, sai wani direba ya riƙe hannuna.

"Kai! Ba shekaranjiya na bar ka can kana ɗora mini buhu ba?"

"Ɗan'uwana ka gani, mu tagwaye ne. Lafiya yake?"

"Garau, har ya fi ka kumatu."

Na zauna kan buhu.

Gida

Da magariba na iso. Allah Ya saka wa Malam da direban nan, wanda ko sunansa ban tambaya ba. Inna ta sa na maimaita maganar kumatun, sannan ta dafa goshina.

"Kai ɗan nan, tun yaushe?"

"Tun Juma'a, Inna. Nawa ne."

Ta shimfiɗa mini tabarma, ta tafi ɗora ruwan zafi.